GARKAR INUWA: GANYE MASU LAUNI A GINDIN ITACE



Tun shekara ta 1975, ranar 3 ga watan Agusta ta zama ranar dashen itace a ƙasar Nijar. Cikin wannan shekara aka fara jera bedi, wato dogon yaro, a kwarin Majiya na jihar Tawa, don ya tare iska. A shekara ta 1984 kuma aka yi babban taro a Maraɗi bisa yaƙi da hamada. Dashe ya ƙaru cikin gidaje, da makarantu, da kasuwanni, da garake. Itatuwan nan sun girma. Yau da wuya ka shiga gari ba ka ga bedi ko mangwaro a tsakar gida ba.

Inuwa ta samu. To, ƙasar da ke gindin iccen fa? Yawanci tana zaune banza. Wanda ya gwada tumatir ko albasa a wurin ya san abin da ya samu: kara dogo, siriri, ba ɗiya. Irin waɗannan kayan miya suna son rana awa 6 ko fiye kowace rana. Shi ya sa mutane suke cewa ba abin da ke yi cikin inuwa.

Akwai abin da ke yi. Akwai shuke-shuke waɗanda ake aje su don kyan ganyensu. Wani ganye ja ne, wani ruwan ɗorawa, wani fari da tsanwa, wani launin ɓawon albasar Galmi. Ba su mutuwa da kaka kamar hatsi. Dashe guda yana shekaru. Suna rufe ƙasa, suna rage ƙura, suna ƙawata gida. Ana yaɗa su da reshe, ba sai an sayi iri kowace shekara ba. Kuma mutanen birni suna sayen su da kuɗi.

DAGA INA LAUNIN GANYE YAKE FITOWA?

Ganye shi ne madafar shuka. Cikinsa akwai wani sinadari tsanwa, wato kore. Da shi ne shuka take haɗa haske da ruwa da iska ta yi abincinta. Ban da shi akwai wasu launuka biyu. Akwai ja, dangin jan da ke cikin zoɓon yakuwa. Akwai ruwan ɗorawa, dangin launin karas da kabewa. Cikin yawancin ganyaye tsanwa ya rufe su. Cikin waɗanda muke magana a kai, su suke fitowa fili.

Inda ganye ya yi fari, sinadarin tsanwa babu shi. Wurin ba ya dafa abinci, kuma ba ya jimre zafi. Don haka shuka mai farin ganye ba ta saurin girma, kuma ranar azahar tana ƙona ta.

Daga nan ku riƙe ƙa'ida guda. In rana ta yi yawa, ganye ya ƙone, bakinsa ya bushe, launi ya koɗe. In duhu ya yi yawa, shuka ta ƙara tsanwa don ta kama ɗan hasken da ke akwai, ja da ɗorawa su ɓace. Abin da ake nema yana tsakani: rana ta safe awa 3 ko 4, sa'an nan inuwa har maraice.

INUWA IRI-IRI CE

Hausawa sun ce inuwar giginya, na nesa ka sha. Kafin ka dasa komi, sai ka san inda inuwar gidanka take faɗuwa. Ka zaɓi rana guda. Ka zana bakin inuwa a ƙasa da sanda sau uku: da hantsi, da azahar, da la'asar. Wurin da ya samu rana da hantsi, ya shiga inuwa tun kafin azahar, shi ne wurinka. Kusan kullum gabas da icce ne, ko gabas da bango. Yamma da bango ba shi da kyau, don ranar la'asar ta fi ƙuna, kuma bango yana riƙe zafi har dare.

Ku lura da arewacin bango. Lokacin ɗari rana tana bi ta kudu, sai arewacin bango ya wuni cikin inuwa. Amma daga ƙarshen watan 4 zuwa tsakiyar watan 8 na Nasara, rana tana bi bisa kai, har ta ɗan karkata arewa. Inuwar nan sai ta ɓace, daidai lokacin da zafi yake kai digiri 40 ko fiye. Wanda ya jera tukwane a wurin da ɗari, sai ya gusar da su kafin bazara.

Itatuwa ma ba ɗaya suke ba.

Gawo yana da ganye da rani, yana zubar da shi da damana. Inuwarsa ba ta da kauri, saiwarsa tana nitsewa ƙasa, ganyensa taki ne. Ba wanda ya fi shi. Mutanen Matamai da Magarya sun san haka tun kaka da kakanni.

Bedi yana da inuwa mai kyau, amma saiwoyinsa suna yawo kusa da bisa, suna shanye ruwa da taki. A gindinsa gara a yi aiki da tukwane.

Mangwaro babba inuwarsa ta yi duhu. Sai a dasa a bakin inuwa, ko a rage rassa na ƙasa don haske ya shiga.

Tsamiya da turare, a bar gindinsu. Da wuya shuka ta yi kyau a wurin.

SHUKE-SHUKE GUDA SHIDA

Wasu namu ne na gida. Wasu baƙi ne, sunayensu na littafi ne, da su masu sayarwa suka san su.

1. Moɗa. Wannan ta ƙasashenmu ce na Afirka. Ganyenta tsaye yake kamar takobi, da zane-zane a gicciye. Mutanen da suna fid da zare daga gare ta su tufka igiya da tsirkiyar baka. Akwai iri mai bakin ganye ruwan ɗorawa, shi ne aka fi nema a birni. Moɗa tana jimre inuwa, tana jimre ƙishirwa. Ruwa sau ɗaya a mako ya ishe ta. Yawan ruwa shi ke kashe ta. Wanda rijiyarsa take da nisa, da ita zai fara.

2. Rewo. Asalinsa ƙasar Meziko da maƙwabtanta. Gajere ne, bai wuce kamu ɗaya ba. Bisan ganye tsanwa, ƙarƙashinsa launin albasar Galmi. Yana fid da ƴaƴa a gindi, yana cika wuri da kansa. Bayan moɗa, shi ya fi haƙuri. Yana da kyau a bakin fangali.

3. Kolewus. Asalinsa kudu maso gabashin Asiya. Ɗan'uwan tumuku ne da rizga da ɗoɗɗoya. In ka taɓa karansa za ka ji kusurwa huɗu. Ganyensa yana da ja, da ɗorawa, da tsanwa, wani lokaci duka cikin ganye ɗaya. Yana saurin girma, amma shi ya fi kowa son ruwa. In ya fara fure, a tsinke furen, don kada ƙarfinsa ya tafi can. In ya tsufa ya yi dogon kara, a yanki reshe a sabunta shi.

4. Kuroton. Asalinsa tsibiran Indunusiya da ƙasar Maleziya. Ƙaramin icce ne, yana kai mita 1 zuwa 2 cikin gida. Dangin rogo ne da zurma da aguwa. Ganyensa yana da kauri da sheƙi, da ɗigo-ɗigo ja da ɗorawa. Ya fi sauran son haske. In bai samu ranar safe ba, sai ya koma tsanwa. Busasshiyar iskar ɗari tana sa shi zubar da ganye, sai a kare shi da zana.

5. Kaladiyom. Asalinsa Amurka ta Kudu, wajen ƙasar Barazil. Dangin gwaza ne, kuma ganyensa kamar na gwaza, amma da ja da fari a tsakiya. Yana da kai a cikin ƙasa. Da damana yake tashi. In ɗari ya shigo, ganye ya bushe, kan ya yi barci. Kada ku ce ya mutu ku zubar. A daina ba shi ruwa, a tone kan, a aje cikin busasshen rairayi. In damana ta kusa, a binne shi zurfin santimita 5, idanunsa suna duban sama.

6. Dankali mai jan ganye. Cikin dankalin da muke nomawa akwai iri mai jan kara da ganye mai duhu. Yana yaɗo, yana rufe ƙasa da sauri. Cikin inuwa ba ya yin ɗiya da yawa, amma ganyensa yana shiga miya, dabbobi ma suna ci. Cikin shidan nan, shi kaɗai ake ci.

ƘAƘA AKE SHIRYA WURI?

In a ƙasa za ka dasa, ka ja da baya daga gindin icce kamar taki biyu. Ka tona zurfin santimita 30. Ƙananan saiwoyi da ka tarar, ka yanke su. Manya kuwa ka bar su, kada ka ji wa icce ciwo. Ka ɗaga bakin fangali kaɗan, don kada ruwan damana ya kwanta a ciki.

In saiwoyi sun yi yawa, ka yi aiki da tukwane. Ba sai ka saya ba. Fasasshen tulu, tsohuwar randa, bokiti mai yoyo, gwangwanin tumatir babba, bido da aka yanke, duk suna yi. Dole a huda gindi don ruwa ya fita. A zuba ƴan katanga ko tsakuwa a ƙasa kafin a zuba ƙasa. A ɗora tukunya bisa dutse ko bulo. In an aje ta bisa ƙasa, saiwar bedi tana bi ta hudar ta shiga ciki. Tukunyar yumɓu ta fi gwangwani, don ba ta ɗaukar zafi.

Ga yadda ake haɗa ƙasa: kwano 2 na rairayi, kwano 1 na ƙasar garka, kwano 1 na ruɓaɓɓen taki. Takin ya zama tsoho, baƙi, marar wari. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana jawo gara. Ga moɗa a ƙara rairayi.

Kada ku yawaita takin zamani, balle farin nan da ake kira ire. Yana sa ganye ya yi laushi, ya yi tsanwa, launi ya ragu. Tafi ɗaya na ruɓaɓɓen taki cikin kowace tukunya, da farkon damana da ƙarshenta, ya isa.

Wajen jerawa, a sa dogo a baya, gajere a gaba. Kuroton da moɗa wajen bango, kolewus da kaladiyom a tsakiya, rewo da dankali a baki. Masu son ruwa wuri guda, masu haƙuri wuri guda. In an haɗa moɗa da kolewus cikin tukunya ɗaya, dole ɗaya ya mutu.

MAGANAR RUWA

A ƙasarmu ruwa shi ne babbar magana. Matan da ke ja daga rijiya mai gaba 20 sun san tsadarsa. Ruwan sha da na dabbobi da na kayan miya su ne a gaba. Garkar inuwa tana rayuwa da ruwan da aka riga aka yi aiki da shi: ruwan alwala, ruwan wankin ganye da shinkafa, ruwan ɗaurayar kwanuka. A aje bokiti guda a riƙa tarawa.

Ruwan da ke da omo, ko jabel, ko gishiri, ko kanwa, ko mai, kada a zuba. Gishiri yana taruwa cikin tukunya, bakin ganye ya ƙone.

Ku sa yatsa cikin ƙasa kafin ku ba da ruwa. In da laima, ku bari sai gobe. A ba da ruwa da sassafe ko da maraice, a gindi. Da bazara, tukunya madaidaiciya ta kolewus tana shan kamar lita 1 kowace rana. Tukwane 10 ke nan bokiti guda na lita 10. Ku yi wannan lissafi kafin ku yawaita tukwane.

Ga dabara biyu na rage ruwa. Ta farko, a rufe ƙasa da ɓawon gujiya ko busasshen ganye, kaurin yatsa biyu, amma kada ya taɓa kara. A riƙa ɗagawa ana duba gara. Ta biyu, a binne tulun yumɓu a tsakiyar fangali har wuya, a cika shi da ruwa, a rufe bakinsa. Ruwa yana tsattsafowa ta jikinsa kaɗan-kaɗan, saiwa tana sha. Sai bayan kwana 3 ko 4 a sake cikawa.

ƘAƘA AKE YAƊA SU?

Lokacin da ya fi kyau shi ne damana, daga watan 7 zuwa watan 9, sa'ad da iska take da laima. A yi aiki da wuƙa mai kaifi, mai tsabta.

Kolewus: a yanki kan reshe mai tsawon santimita 10, daidai ƙarƙashin gaɓa. A cire ganyen ƙasa. A tsoma cikin kwalba mai ruwa, a aje cikin inuwa. Cikin mako 1 zuwa 2 saiwa ta fito, sai a dasa.

Dankali: a yanki yaɗo mai gaɓa 4, a binne gaɓa 2.

Kuroton: a yanki reshe mai santimita 15, a rage ganye, a soka cikin rairayi mai laima. A kifa masa farar leda don laima ta zauna. Yana ɗaukar mako 4 zuwa 6. Sai da haƙuri.

Rewo: a ɓalle ɗan da ke gindi tare da saiwarsa.

Moɗa: a tone, a raba gindi, kowane kashi da ganye da saiwa. A bar yankan ya sha iska kwana 1 ko 2 kafin a dasa. Ana iya yanka ganye a soka, yana tsira. Amma mai bakin ɗorawa in an yaɗa ta da ganye, ɗiyan suna fitowa ba ɗorawar. Wanda yake son launin, sai ya raba gindi.

Wani lokaci shuka mai launi tana fid da reshe tsanwa zalla. A yanke shi nan da nan. Ya fi sauran ƙarfi, in an bar shi sai ya cinye wurin.

ƘWARI DA DABBOBI

Akuya da kaji su ne maƙiya na farko. Ba shinge, ba garka. Darnin kara ko zana yana tare dabbobi, yana tare iska kuma.

Lokacin ƙura, ganye yana toshewa. A wanke shi sau ɗaya a mako. Wankin yana korar wani ɗan ƙaramin jan ƙwaro mai saƙa kamar gizo, wanda ke zama ƙarƙashin ganye da rani. Akwai kuma wani fari, kamar kaɗa, mai maƙalewa a gaɓa. In kaɗan ne, a goge shi da tsumma.

In sun yi yawa, magani yana bisa kanku. A tara ɗiyan bedi, a shanya cikin inuwa, a daka. A jiƙa rabin kilo na garin cikin ruwa lita 10, ya kwana. A tace da ƙyalle, a sa ɗan farin sabulu, a yayyafa da maraice, bisa ganye da ƙarƙashinsa. A sake bayan mako guda.

HATTARA!

Wannan wuri a karanta wa dukan mutanen gida.

Kaladiyom ba gwaza ba ne. Ganyensa da kansa suna ƙona baki da maƙogwaro. Kada a dafa, kada a ba dabba. Kada a aje kansa inda ake aje abinci.

Akwai wata shuka da ake sayarwa a birni, sunanta difenbakiya. Karanta kamar na rake, ganyenta babba, da ɗigon fari. In yaro ya tauna, harshensa yana kumbura, har magana da numfashi su yi wuya. Gidan da ke da ƙananan yara, gara a bar ta.

Ruwan jikin kuroton da na rewo yana sa ƙaiƙayi. A wanke hannu bayan an yanka, kada a taɓa ido. Moɗa ma ba ta ci ba ce.

In yaro ya ci ɗaya daga cikinsu, a kurkure masa baki da ruwa, a kai shi likita nan take. A tafi da ganyen don ma'aikaci ya gani.

Sauro yana ƙyanƙyasa cikin ruwan da ya kwanta. Da zafi, mako guda ko kwana 10 sun ishe shi ya tashi. Kada a bar ruwa ƙarƙashin tukwane. Tulun da aka binne ya zauna a rufe. Ruwan kwalbar reshe a canza shi kowane kwana 2. Rigakafi ya fi magani.

KASUWA DA LISSAFI

A Yamai da sauran manyan garuruwa, masu sayar da furanni suna jera irin waɗannan cikin leda da tukwane a bakin hanya. Masu sabbin gidaje, da ofisoshi, da masaukin baƙi su ne masu saye. Manomin da ke kusa da Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Ƙonni, ko Dosso, yana iya kai musu ɗiyan dashe. Amma kafin ka cika garka, ka je ka gani da idonka. Ka tambayi wane iri ake nema, da nawa ake saye. Wanda ke nesa da birni, ya yi don gidansa, da makaranta, da likitar garinsu.

Ku da kuka fito ajin yaƙi da jahilci, ga aikin alƙalami. A ce kana da uwar kolewus guda 4. Kowace ta ba ka reshe 5 a wata. Cikin wata 3 na damana, reshe nawa ke nan? 4 sau 5, 20. 20 sau 3, 60. A ce 10 sun mutu, saura 50. Ka rubuta kuɗin leda da kuɗin mota gefe guda, abin da ka sayar gefe guda. Ka rubuta ranar da ka yanka reshe, da ranar da ya yi saiwa, da wurin da launi ya fi kyau. Baɗi littafinka shi zai zama malaminka.

ABIN DA ZA A YI BANA

Wuri mai rana na abinci ne, a bar wa albasa da tumatir da kabeji. Gindin icce shi ne na ganye masu launi. A fara da kaɗan. A auna inuwa tun da bazara. A tara taki ya ruɓe. A gyara shinge. In ruwa ya sauka, a nemi gindin moɗa guda da ɗan rewo guda wurin maƙwabci. In sun kai wata damana da rai, a ƙara kolewus da kuroton. Wanda nasa suka yi yawa, ya ba na kusa da shi reshe.

Mai tambaya ya je wurin malamin gona ko ma'aikacin gandun daji na karkararsu. Wanda ya karanta wannan takarda kuma, ya karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna.